Nana Asma'u 'Yar Shehu: Ganau Mai Karantar Da Manyan Mata

Gabatarwa

 Kafin in shiga tarihin baiwar Allah da na ɗauki alƙalami dominta, ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri in fara da wani abu da ya faru a gidanmu, saboda shi ne ya ja hankalina zuwa gare ta.

Mahaifiyata 'yar kasuwa ce, ba ta yi karatun boko ba. Ina aji biyu a sakandare ta shiga wani ajin yamma na yaƙi da jahilci da aka buɗe a unguwarmu. Ta sayi littafin rubutu da fensir, ta riƙa rufe rumfarta da wuri don kada ta makara. Ba ta cika wata biyu ba ta daina zuwa. Da na tambaye ta dalili, sai ta miƙo mini littafin da ake koya musu da shi. Irin na 'yan aji ɗaya ne na firamare, mai hoton ƙwallo da kyanwa. Matar da take riƙe da lissafin bashin mutum fiye da 30 a ka, wadda ta san sunayen kakanninmu da garuruwan da suka zauna, ita ce aka zaunar tana maimaita sunan kyanwa, kuma babu wanda ya taɓa tambayar ta abin da ta sani.

A zangon karatun da ya wuce, da muka zo kan rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19, sai na ci karo da wata malama wadda ta karantar da manyan mata shekaru kusan 200 da suka shuɗe, kuma ba ta yi wannan kuskure ba. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne yadda ta ɗauki abin da ta gani da idonta, da abin da ta ji daga bakin waɗanda suka gani, ta mayar da shi darasi ga matan da ba su iya karatu ba. Akwai kuma wani abu da ya ƙara kusanta ni da ita: Hausa ba harshen da na sha a nono ba ne, ita ma Fillanci ne harshen gidansu.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada sunan tagwaye ya kamata a raɗa mata, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda aka sani da kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu ne suka raine ta, musamman A'isha da Hauwa mahaifiyar Muhammadu Bello.

Degel ƙaramin wuri ne, amma cike yake da malamai da almajirai. A gidan Shehu karatun mace ba baƙon abu ba ne. Shi kansa a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da suke karantar da almajiran waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Haka kuma ya kasance yana wa'azi da Hausa da Fillanci, yana tsara waƙoƙin wa'azi domin waɗanda Larabci bai isa gare su ba. A irin wannan gida Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani da fiƙihu da tauhidi da Larabci, ta kuma taso cikin ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta iya harsuna huɗu: Fillanci da Hausa da Larabci da harshen Buzaye.

Hijira da Shekarun Yaƙi

Tana da kimanin shekara 11 rikici ya tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairun 1804 jama'a suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Asma'u tana cikinsu. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare sun sha kashi a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutane masu yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani. Daga nan aka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan aka koma Gwandu a 1805, inda aka sake fuskantar mummunar asara a Alwasa. Yunwa da ciwo sun bi jama'a a wannan yawo. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Na tsaya a kan waɗannan shekaru ne saboda su ne jarin Asma'u. Yarinyar da ta taka daga Degel zuwa Gudu, ta kwana a sansani, ta ga matan da mazansu ba su dawo daga Tsuntsuwa ba, ba ta bukatar wani ya ba ta labarin hijira. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekaru 30 da 'yan kai bayan haka, wannan gani ne ta zauna ta tsara shi baiti bayan baiti.

Gidan Waziri

Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu kuwa ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Wannan ya sa gidan da Asma'u take zaune ya zama mahaɗar labarai: manzanni daga masarautu, da wasiƙu, da mayaƙan da suka dawo daga daga, da baƙi daga nesa. Alal misali, Giɗaɗo ne ya kula da Baturen nan Kilafaton lokacin da ya zo Sakkwato a 1824, da kuma zuwansa na biyu a 1826. Daga cikin 'ya'yan da ta haifa akwai Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri.

A wannan gida ta fara rubutu. Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820. Bayan rasuwar Shehu ta shiga aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60, kuma duk wanda ya duba su zai ga ba da ka take zaɓen harshe ba. Idan da malamai take magana sai ta yi Larabci, kamar yadda ta yi musayar saƙo da wani malamin ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau. Idan da danginta da Fulanin karkara take, sai Fillanci. Idan kuwa tana son saƙo ya game ƙasa, sai ta koma Hausa. Ita ce ta mayar da waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa a 1831, wadda muka sani da suna Tabbat Haƙiƙa, muke kuma nazarin ta a aji har gobe.

Kafuwar 'Yan Taru

Bayan yaƙe-yaƙe, daula ta faɗaɗa fiye da yadda malamanta za su iya kaiwa. A ƙauyuka akwai ɗimbin mata da sunan Musulunci kawai suka sani. A cikin gidajen birni kuma akwai matan da aka kamo a yaƙi, bayi da ƙwaraƙwarai, waɗanda suka zo da al'adunsu, musamman bori, wanda a Gobir yake da shugaba mace mai ƙarfin faɗa-a-ji, wato Inna. Waɗannan mata manya ne, masu miji da 'ya'ya da aikin gida. Ba za a ce su ɗauki allo su zauna tare da yara ba, kuma matar aure ba za ta bar ɗakinta ta tafi Sakkwato neman ilimi ba.

Dabarar da Asma'u ta yi wajen ƙarshen shekarun 1830 ita ce ta aika ilimin ya same su a inda suke. Ta riƙa zaɓen dattijuwar mace mai mutunci daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, wato jagorar tafiya. Naɗin kuwa na gaske ne: ana aza mata malfa, a naɗe ta da jan ƙyalle. Masana sun lura cewa malfa tana cikin alamomin Innar Gobir, ke nan Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka riga suka san girmanta ta ɗora wa malama. Jaji takan taho Sakkwato da ayarin tsofaffin mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, su ne ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da sadaka irin su hatsi da zuma da man shanu da zare, Asma'u ta raba wa mabukata. Sukan zauna a gabanta su haddace waƙoƙi, ta yi musu bayani, ta saurari tambayoyinsu da matsalolin da matan ƙauye suka aiko da su. Idan sun koma gida sai su shiga ɗaki-ɗaki suna isar da abin da suka ɗauko.

Me ya sa waƙa? A wancan zamani babu injin ɗab'i a ƙasar, takarda kuwa daga ƙetaren Sahara fatake suke kawo ta, tana da tsada. Ko da an ba mace littafi ba za ta iya karanta shi ba. Amma waƙa mai kari da amsa-amo tana zama a ka, kuma ana iya rera ta ana kaɗi ko niƙa ko raino, ba sai an ajiye aiki ba. Bugu da ƙari, kari da amsa-amo suna tsare matani: idan kalma ta faɗi, kunne zai ji baitin ya karye. Ta wannan hanya ta koyar da sunayen surorin Alƙur'ani a waƙar Sunago, ta koyar da tauhidi da hukunce-hukuncen ibada da tsoron lahira a waƙoƙi irin su Gadaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama da Dalilin Samuwar Allah.

Tarihi a Matsayin Darasi

A nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne abin da ya fi burge ni yake. Shehu ya rasu a 1817, ƙanensa Abdullahin Gwandu ya bi shi a 1829, Bello kuma ya rasu a Wurno a 1837. Waɗanda suka san Degel suna ta ƙarewa, ga kuma sababbin tasowa da ba su san komai ba sai birni mai ganuwa. Ba wai ba a rubuta tarihin ba ne. Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya rubuta Tazyinul Waraƙat a 1813, Giɗaɗo ma ya rubuta Raudul Jinan a kan karamomin Shehu, da wani littafin a kan Bello. Sai dai dukkansu da Larabci suke. Ga matar ƙauye, da su da babu duk ɗaya.

A 1839 Asma'u ta tsara doguwar waƙa da Fillanci mai suna Filitago, wadda ƙanenta Isa, autan Shehu, ya mayar da ita Hausa daga baya, aka san ta da Waƙar Gewaye. Waƙar ta bi sawun jama'a zango bayan zango, tun daga wa'azin Shehu a Degel, da hijira, da yaƙe-yaƙe, har zuwa zamanin Bello da rasuwarsa. Ta ambaci sunayen wurare da na mutane, ba ta kuma tsallake ranakun wuya ba. A wannan shekara dai ta tsara Kiran Ahmada da Hausa, a kan rayuwar Annabi (SAW). Manazarta sun nuna cewa waƙoƙin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: wa'azi, tsanani, hijira, yaƙi, nasara. Wadda ta haddace ɗaya za ta gane ɗayar cikin sauƙi.

A ganina, hikimar da ke ciki ita ce wannan. Matar da ba ta taɓa fita ƙasarsu ba, Makka da Madina da Badar suna da nisa a zuciyarta. Amma Gudu da Gwandu da Alwasa wurare ne da ta sani, ko ta san wanda ya sani. Mai yiwuwa mahaifinta yana cikin waɗanda suka faɗi a can, ko kuma uwarta ta sha ba ta labarin yunwar Zamfara. Idan jaji ta rera baitin da ya ambaci wurin, ɗalibar ba ta zo da hannu wofi ba, tana da nata abin da za ta ƙara. Daga abin da ta sani ake jan ta zuwa abin da ba ta sani ba. Babba yakan buɗe kunnensa ne idan ya ga an girmama abin da ke kansa, kuma wannan ne abin da aka hana mahaifiyata.

Ya kamata kuma mu bambance iri biyu na shaida a cikin waƙoƙinta na tarihi. A kan hijira da zaman sansani, ita ganau ce. A kan abin da ya faru a fagen fama kuwa, ba ta je ba, amma mijinta da yayyenta da 'ya'yan gidan sun je, daga bakinsu ta ji. Misali shi ne yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya fuskanci haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Sai a 1856, bayan shekara 20, ta tsara waƙar wannan yaƙi. Aikin da ta yi a nan shi ne ainihin aikin mai tattara tarihin baka: ta saurari waɗanda suka halarta, ta tsara maganarsu, ta adana ta kafin su ƙare. Sannan takan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da lissafin haruffanta yake ba da shekarar hijira da aka yi waƙar. Albarkacin wannan ne a yau muke iya jera yawancin ayyukanta bisa shekaru.

Marsiyoyi: Shaida a Kan Mutanen da Ta Sani

Nau'i na biyu na shaidarta shi ne marsiya, wato waƙar alhinin mutuwa. Ta yi wa manya: baffanta Abdullahi, da yayanta Bello, da mijinta Giɗaɗo. Ko a nan ma, abin lura shi ne halin mutum take zayyanawa fiye da sarautarsa. Waƙar da ta yi a kan Bello a 1838, Gikku Bello, ma'anar sunanta ke nan: halin Bello.

Amma waɗanda suka fi taɓa ni su ne marsiyoyin da ta yi wa matan da ba don ita ba da babu wanda zai san sun taɓa rayuwa. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da riƙon zumunci. Ta yi wa Zaharatu, matar da take taimakon masu naƙuda, take kuma wankan gawar mata. Ta yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta daɗe tana jagorantar mata zuwa gare ta. Ta yi wa aminiyarta A'isha, wadda rashinta ya girgiza ta ƙwarai. Haka zalika a Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, wadda ta tsara bisa littafin Bello mai suna Kitabun Nasiha, ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko kan matan jama'ar Shehu irin su Inna Garka da Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel da Habiba.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya auna abin da wannan yake nufi ga ɗaliba. Ana koya mata haƙuri da kyauta da taimako, kuma misalin da aka kawo mata ungozoma ce irin ta ƙauyensu, mace mai aiki irin nata, wadda wata a cikin ayarin ma ta san ta ido da ido. Malama kuma ba ta ɓoye kanta ba, ta faɗi baƙin cikinta da kewarta a fili. Darasin ya zama shaidar mutum a kan mutum, kuma matar da ta ji an sa sunan ungozoma a waƙa ɗaya da sunayen manya za ta san cewa tata rayuwar ma abin lissafi ce.

Iyakar Ganau

Kada son da nake yi wa Nana ya sa in ɓoye wani abu da malaminmu na adabin baka yake yawan jan kunnenmu a kai, wato ganau daga inda yake tsaye yake gani. Asma'u 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Tarihin da ta tsara na ɓangaren da ya yi nasara ne, kuma ta tsara shi ne domin ta tsayar da mutane a kan tafarkin mahaifinta. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan Gawakuke, da Katsinawan Maraɗi, waɗanda garuruwansu suke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, suna da nasu labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a bakin makaɗa da dattawansu, kuma ba lallai ya zo daidai da nata ba. A cikin matan da waƙoƙin suka isa gare su akwai waɗanda aka rabo da garuruwansu da ƙarfi, kuma a waƙoƙin muryar malama muke ji. Wannan bai rage darajar aikinta ba. Abin da yake koya mana shi ne duk wanda zai yi amfani da tarihin baka a aji, ya nemi baki fiye da ɗaya, ya kuma gwada abin da ya ji da abin da aka rubuta.

Rasuwarta da Abin da Ya Biyo Baya

Asma'u ta ga zamanin Bello da Atiku da Aliyu Babba da Ahmadu Atiku, tana rubutu har kusan ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, daga baya aikin ya ci gaba a hannun wasu matan zuriyar. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, an sauya tsarin mulki da na shari'a da na makarantu, an kawo boko, an yi gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, amma ayarin mata masu zuwa da jajinsu bai yanke ba. Tsarin da ba shi da gini, ba shi da albashi, ba shi da rajista, ya rayu fiye da shekara 100 bayan mai shi.

Wani abin sha'awa shi ne, hanyar da ta bi ta adana tarihin wasu, ita aka bi aka adana nata. Wata Baturiya mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu rubuce-rubucen Asma'u na ajami a hannun Waziri Junaidu, wanda yake daga zuriyarta, ya kuma rasu a 1997. Takardu kaɗai ba su isa su nuna yadda 'Yan Taru suke aiki ba, sai da ta shiga ƙauyuka ta zauna da tsofaffin mata masu riƙe da sarautar jaji, ta ji daga bakinsu. Daga nan ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. A cikin gida kuma, Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi bincike da Hausa a kan 'Yan Taru da waƙoƙinsu. Da waɗancan tsofaffi sun rasu ba a tambaye su ba, da abubuwa da yawa da na faɗa a wannan maƙala sun bi su kushewa.

Kammalawa

Da na je hutun da ya wuce, na gwada abin da na koya. Na zauna da kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, na kunna na'urar ɗaukar murya ta wayata, na roƙe ta ta ba ni labarin yadda suka yi gudun hijira lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ta yi magana fiye da awa ɗaya, ta kira sunayen garuruwa da na mutanen da ban taɓa ji ba. Na rubuta maganarta da manyan baƙaƙe cikin harshenmu, na kai wa mahaifiyata. Kalmar farko da ta gane ita ce sunan garinsu, ta biyu sunan mahaifinta. Ta kuma gyara mini wuri biyu inda ta ce tsohuwa ta rikita shekaru. Har yanzu karatun nata da sauran aiki, amma ta kai shafi na uku, kuma ita take tuna mini idan lokacin zama ya yi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muke koyon Hausa nesa da ƙasar Hausa. A unguwannin Sabo na garuruwanmu akwai dattawa maza da mata da suka san yadda iyayensu suka zo fataucin goro da shanu, da yadda aka kafa unguwar, da wanda ya gina masallacin farko. A gidajenmu ma akwai irinsu. Mu je mu gaishe su, mu nemi izininsu, mu saurara, mu rubuta da kyakkyawar ƙa'idar rubutu, sannan mu mayar musu da abin da muka rubuta. Da yawa daga cikinmu malamai za mu zama, wasu kuma za su tsaya gaban ajin manya. Idan ranar ta zo, kafin mu buɗe littafi, mu fara tambayar ɗalibanmu abin da suka gani a rayuwarsu.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da rahama, ya sa aljanna ce makomarta, mu kuma ya amfanar da mu da abin da ta bari. Amin.